ƘANZON RANAR ALHAMIS

Na Rabi Zubair Diggi

Shafi na 14

Masu cika mini waya da saƙo wai na ɓuya, ga ni na fito, wuta ce aka ɗauke mana a unguwa har caji ya gagara. Ke kuma Maman Abdulgani da kika rantse ba za ki ƙara yi mini magana ba in ban shirya Amatullahi da Innarta ba, gyara zama, wannan shafin naki ne.

*

Ranar Alhamis layin ɗakin cin abinci na jami'a ya fi na kullum tsawo, don ranar ce ake tuwon shinkafa da miyar sure, wato yakuwa. Har ɗaliban kudu da suke yi wa miyar kallon hadarin kaji a farkon zango, yanzu su ne a gaban layi.

Amatullahi tana tsakiya, katin abinci a hannu ɗaya, waya a kunne. Mercy, abokiyar ɗakinta 'yar Zuru, tana bayanta tana zungurar ta da gwiwar hannu don ta matsa.

Da Goggo Ladi take magana, ƙanwar Babanta da ke Gwandu, wadda ta goye ta tun daga yaye.

"Goggo, don Allah ki hwaɗa min gaskiya. Inna hushi taka yi da ni?"

"Hushin mi kuma?"

"Tun da Baba yas sa ni cikin tsarin abincin makaranta, ko ƙullin yaji ba ta sake aiko min ba. Jiya na kira ta, ina cikin gaishe ta tam miƙa ma Baba wayar."

Goggo Ladi ta kwashe da dariya.

"Yo yaushe Fatsuma ta taɓa tsayawa hira da ke? Ke hwa ɗiyar hwari ta. Kunya ta kawai."

"Goggo, na san kunya. Wagga ba kunya ba ta."

Muryarta ta fara rawa. Mercy ta leƙo fuskarta ta girgiza kai.

"Ke ce mutum ta farko da na gani tana ƙiba tana kuka."

"Ke Mercy ki bar ni."

Ni dai ban ga laifin Amatullahi ba. Tun da ta buɗe ido a duniya ba ta taɓa jin sunanta a bakin Inna Fatsuma ba. "Ɗiyar Ladi" take ce mata, ko "waccan". In za ta aike ta, bango take kallo ta faɗi saƙon. Amma da ta samu jami'a a Kalgo, duk Juma'a sai direban motar Gwandu ya kawo mata wata shuɗiyar kula: hoce, soyayyen kifi, miya a robar fenti, wani lokaci har da fura. Duk abin da Inna ta kasa faɗa da baki, a cikin kular nan yake zuwa.

Matsalar ita ce zafin Kalgo ba ya jin kunyar kowa. Kafin Lahadi miya ta yi tsami, kifi ya fara yauƙi. Sauran kwanakin sai jiƙa gari, ko ta ɓoye risho a bayan ƙofa ta dafa taliya tana tsoron masu duba ɗakuna. In lacca ta safe ce, da ruwa take karyawa. Haka ta yi ta yi har ranar da ta yanke jiki ta faɗi a aji, likita ya ce olsa ce ta kama ta da kyau. Baba bai yi shawara da kowa ba, ya zo ya biya mata abinci na zango guda, safe da rana da dare.

Sai ga Amatullahi ta murmure. Kumatu suka fito, ciwon ya lafa, lokacin da take ɓatawa wajen wanke tukunya da neman kananzir ya koma na karatu, har malamin da yake kiran ta "mai gyangyaɗi" ya bar sunan. Ta yi ƙawaye a teburi ɗaya waɗanda da ko gaisawa ba sa yi. Komai ya gyaru, sai dai tun daga ranar shuɗiyar kula ba ta sake zuwa ba.

"Gani taka yi na raina girkinta," in ji Amatullahi. "Na hi son na makaranta."

"Tsaya, tsaya," Goggo ta katse ta. "Babanki na ka sallama, bari in buɗe mai. Kada ki kashe, ina zuwa."

Daidai nan layi ya zo kanta. Hannu biyu take buƙata, sai ta danna lasifika ta jefa wayar a aljihun doguwar rigarta, ta miƙa kati.

Madam Deborah, mai kula da ɗakin abincin, ita ce a kan zubawa. Mace ce mai faɗin jiki da faɗin murya, ta san wanda ba ya cin yaji, ta san wanda zai dawo neman ƙari da ƙaryar wai na abokinsa ne. Ta kalli Amatullahi, ta tsallake farantan da ke gabanta, ta janyo wani daga gefe a rufe.

"Ga naki, 'yata."

"Na gode, Madam."

Suka zauna a teburinsu na kullum, kusa da taga. Godwin da Abdulhakeem, 'yan ajinsu, sun riga sun yi nisa, suna musun ƙwallo da tuwo a baki.

Amatullahi ta ɗaga malmalar tuwonta kamar yadda ta saba. Ga shi nan a ƙasa. Ƙanzo ne jawur, an kakkarya shi ƙanana, an ɗiga masa man shanu ya jiƙa.

Hannun Mercy ya tsaya a iska.

"Ke, mene ne wannan?"

"Ƙanzo na. Na ranar Alhamis."

"Wane na ranar Alhamis?"

"Wanda aka sa ma kowa mana."

Mercy ta kife tuwonta. Babu komai sai miya. Ta ja farantin Godwin ta tona, yana ihu yana cewa ta ji tsoron Allah. Babu. Abdulhakeem ya ɗaga nasa da kansa tun kafin a zo kansa.

"Ni tun da nike cin tuwon ga ban taɓa ganin ƙanzo ba," in ji shi. "Ashe katin naki na manya na?"

"Kati ɗaya muke da shi," Mercy ta ce tana harararta. "Ke kaɗai ake lallaɓawa. Faɗa mini, wa kika sani a kicin?"

Amatullahi ta sunkuyar da kai. Kallon farantin take yi kamar yau ta fara ganin sa.

A gida, ƙanzon tuwon shinkafa nata ne tun tana ƙarama. Inna ba ta taɓa miƙa mata shi a hannu ba. Sai dai ta kakkarya, ta ɗiga man shanu, ta kife kwano a kai a bakin murhu, ta wuce tana cewa, "Na mance wani abu can, duk wanda yag gani shi ɗauka kada kaji su ci." Kuma kowa a gidan ya san wane ne "duk wanda".

Ta ɗebo miyar ta kai baki. Ba gaggawar aji yau, ta bar ta a harshe. Daddawar batso ce, an daka ta da busasshen kifi, tsamin suren an kashe shi daidai. Makonni tana cin miyar nan tana cewa Madam ta iya girkin mutanen Gwandu.

Ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"Ina za ki?" in ji Mercy.

"Kicin."

"An hana ɗalibai shiga!"

"To su kore ni."

Mercy ta kalli tuwonta, ta kalli ƙawarta, ta ce wa Godwin in ya taɓa mata nama sai sun je gaban shugaban jami'a, sannan ta bi ta da gudu.

Madam Deborah tana ganin Amatullahi da farantin a hannu ta fara goge teburin da yake a goge.

"Madam, wa ka sa min ƙanzo?"

"Wane ƙanzo?"

"Wanga."

"Au, wannan? Ai kuskure ne. Tukunya ce ta kama."

"Tukunya ta ka ɗiga man shanu?"

Madam ta danne dariya har kafaɗunta suna motsi.

"'Yata, ki je ki ci abincinki tun da zafi. Ni an sa ni na yi alkawari, kuma ni matar coci ce."

"To ba ki hwaɗi komi ba, Madam. Ki matsa kawai."

Madam Deborah ta kalli sama, ta ce ita dai gwiwarta ke ciwo, dole ta ɗan jingina. Ta jingina a gefe, ƙofa ta buɗe.

Bayan ɗakin rumfa ce babba, manyan tukwane a jere a kan murhun itace, mata uku suna kwashe tuwo. Ta huɗun ta ba ƙofa baya, tana juya miya. Tun kafin Amatullahi ta ga fuska ta ga takalmin, silifas ɗin nan mai igiya kala biyu da Inna ta ƙi yarda a sake mata. Ta ga ɗaurin kallabin da ya karkace hagu. A gefen bango kuma ga shuɗiyar kula a zaune.



"Inna?"

Ludayin ya tsaya cak. Sannan ya ci gaba da juyawa, da sauri fiye da na ɗazu.

"Madam," in ji matar, ba ta waiwayo ba, "ashe nan ɗiyan mutane na shigowa madahi ba sallama?"

"Salamu alaikum, Inna."

"Wa alaikumus salam," Inna Fatsuma ta amsa wa tukunya.

Mercy ta riƙe baki. "Mamarki ce? Maman Gwandu mamarki ce? Wayyo ni! Duk Alhamis sai na gaishe ta a bakin famfo!"

"Inna, mi kika yi nan?"

"Madam, ki hwaɗa mata miya nika yi. Ko ba ta gani?"

Madam Deborah ta shigo tana share hawayen dariya da gefen zani.

"Tun da asiri ya tonu, ni dai ba da bakina ba. 'Yata, farkon zangon nan ina tsaye a nan, sai ga wannan baiwar Allah da hijabi har ƙasa. Ta ce ta zo ta ga abin da muke ba 'ya'yan mutane. Na ɗauka daga ofis aka turo ta. Ta duba shinkafa, ta shinshina mai, ta leƙa inda muke wanke kwanuka. Ta ci dafa-dukata ta ce ba laifi."

"Na ce ta yi daɗi," Inna ta gyara mata, har yanzu bayanta suke gani.

"Kin ce ba laifi, Maman Gwandu, ina da shaidu. Sai ta zo kan miyar sure. Ta ɗanɗana, ta ce mini, 'Madam, wa yay yi miki laihi cikin ɗiyan ga?'"

Matan da ke kwashe tuwo suka fashe da dariya.

"Ni 'yar Zuru ce," in ji Madam, "miyar ba tamu ba ce, ban yi musu ba. Na ce ta nuna mini. Ta cire hijabi ta ɗaura zani. Tun daga ranar, duk Alhamis da safe sai ta sauka daga motar Gwandu da daddawarta a kula. Na ce a sa ta cikin ma'aikata, ta ƙi. Abu ɗaya ta roƙa. Ta ce akwai wata yarinyar unguwarsu, doguwa, mai wushirya, a riƙa ba ta wani faranti da za ta ware."

"Yarinyar unguwarsu," Mercy ta maimaita.

"Haka ta ce. Ni kuwa da yarinyar ta yi mini murmushi, na waiwaya na kalli bakin Maman Gwandu, sai na ce lallai unguwar nan taku wushirya iri ɗaya ake rabawa."

Inna ta ja kallabi ta rufe gefen fuska. Kunnenta kaɗai ake gani.

Amatullahi tana dariya, hawaye na zuba a cikin farantin. Ta matso taku biyu.

"Inna, to don mi kid daina aiko kula? Wallahi na ɗauka hushi kika yi. Ba ni barci, ina ta tunanin na ɓata miki."

Inna ta ajiye ludayin a bakin tukunya. Ta goge hannu a zani, ta daɗe tana gogewa.

"Madam."

"Na'am, Maman Gwandu."

"Ki hwaɗa ma ɗiyar Ladi, kular can ita tak kai ta asibiti."

"Inna, ba haka..."

"Ki ce ta yi shiru, manya na magana. Ranar da anka ce ta hwaɗi, sannan direba ya gaya min. Wai kwana biyu abincin ka yi shi lalace, sauran kwanakin gari taka sha. Ni ina Gwandu ina barci da ƙoshi, ina cewa ɗiyar mutane ta ci. Ita ko ta ɓoye, kada in ji ba daɗi."

Ta sunkuya ta gyara itacen murhun, ta ci gaba.

"Da Malam yac ce ya biya abincin makaranta, sai da niy yi sujada. Abinci mai zahi, sahe da rana da dare, ba ta hura wuta ba, ba ta bar karatu ta tai kasuwa ba. Wace uwa ka hushi da wanga? In na ci gaba da aiko kula, ta bar mai zahi ta ci mai tsami don kunyata. Na san halinta, shi na niy yanke."

"To mi yak kawo ki, Inna?"

Inna ta ɗauki ludayin ta mayar, ta sake ɗauka.

"Madam, ki ce mata... ki ce mata na gwada zama. Sai in aza tukunya, in kwashe tuwo, ƙanzo shi tsaya shina kallona. In ba kaji, raina shi ɓaci. Mutum shi ci shi ƙoshi, madalla, amma a ce mako shi zagayo ba hannuna cikin abin da taka ci? Ban iya ba."

Wallahi ni da nake rubutawa sai da na ajiye waya na share ido. Mercy kuwa ta manta da tuwonta gaba ɗaya, ta rungume Madam Deborah tana kuka kamar ita aka yi wa.

"Baba ya san kina zuwa?" Amatullahi ta tambaya tana jan hanci.

"Na ce mai duk Alhamis za ni duba marar lahiya, yac ce a dawo lahiya. Shi da Ladi sun aza ƙauyenmu Ceberu nika zuwa wurin tsohuwata. Ba su tambaya ba, ban hwaɗi ba."

"In Goggo taj ji, har ki tsuhwa tana yi miki tsiya."

"Shi na za a rufe bakin ga nan. Madam, ki ce ta tai ta ci tuwonta, ya huce."

Amma Amatullahi ta riga ta yanke shawara. Shekara ashirin tana jiran ranar da za ta rungumi matar nan, ba za ta koma teburi haka ba. Ta dire farantin a kan buhu, ta zagaya ta gefen murhu da hannu a buɗe.

Ba ta lura da gefen hijabinta ba. Ya ja ƙasa, ya share bakin murhun, harshen wuta ya lashe shi.

"AMATULLAHI!"

Ihun ya cika rumfar har ɗakin cin abinci. Kafin kowa ya motsa Inna ta fizgo ta, ta damƙe gefen hijabin da tafin hannu ta murje wutar, ta tattaka sauran da silifas. Ta shafa ƙafarta, ta shafa hannunta, ta juya ta gaba da baya.

"Kin ƙone? Ina yat taɓa ki? Amatullahi, yi magana mana!"

Ɗan gefen hijabin ne kawai ya ci, ko fata bai kai ba. Amatullahi tana tsaye a cikin hannun Innarta, bakinta a buɗe.

"Inna."

"Mi na?"

"Sau biyu."

"Sau biyu mi?"

"Sau biyu kin kira sunana."

Inna ta sake ta kamar ta taɓa garwashi. Ta kalli Madam, ta kalli matan tuwo, ta kalli Mercy. Kowa haƙori a waje. Ɗaya daga cikin matan ta kasa daurewa ta rangaɗa guɗa.

"Ban kira ba," in ji Inna.

"Kin kira, Maman Gwandu," in ji Madam. "Har 'yan layi sun ji."

"Inna, don Allah ki ƙara ɗaya. Ɗazu a tsorace nike, ban ji da kyau ba."

Inna ta rarumo muciya ta ɗaga. Amatullahi ba ta gudu ba, ta faɗa jikinta ta ƙanƙame ta. Muciyar ta tsaya a sama, ta tsaya, sannan a hankali ta sauko. Ɗaya hannun ya dafa bayan Amatullahi, ya bubbuga sau ɗaya kamar mai kakkaɓe ƙura.

"To ya isa," Inna ta ce ƙasa-ƙasa, a kunnenta. "Kin yi nauyi. Ashe da gaske suna ba ki abinci."

Sai aka ji tari daga wani wuri. Daga aljihun Amatullahi ya fito.

"Fatsuma?"

Muryar Goggo Ladi ce, tar a lasifika, tana rawa da dariyar da ta daɗe tana dannewa.

Inna ta sandare. Amatullahi ta zaro wayar. Kiran yana nan, bai taɓa yankewa ba.

"Fatsuma, ashe Ceberu ta koma Kalgo ba mu sani ba? Kuma sunan wa nij ji kin kira, har sau biyu?"

Inna ta buɗe baki za ta kare kanta.

"Kada ki wahal da kanki," in ji Goggo. "Ga Malam nan zaune kusa da ni tun daga zancen wushirya. Ya ce a ba shi wayar."